A kai gwajin kimiyya inda ake auna wake

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa, amma har yau akwai masu yayyafa wa wake guba kafin su ɗinke buhu. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka, mai toshe iska ya adana wake ba tare da guba ba, a Najeriya da Nijar. Taron bita a otal ba zai sauya ɗan kasuwar Dawanau ba. Abin da idonsa ya gani shi zai sauya shi, don haka a kai masa gwajin har rumfarsa.

A fara da kyandir. A kunna shi, a kifa masa kofin gilashi, kowa ya ga wutar ta mutu. Haka ƙwarin wake suke: idan aka toshe musu iska, sai su shaƙe wadda ta rage, su daina ci, su mutu.

Sai a raba wake iri ɗaya gida biyu, rabi a buhun gargajiya, rabi a PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A hura kowace leda a ga ko tana da huda. A zuba wake, a matse iskar, a murɗe bakin ledar farko, a lanƙwasa, a ɗaure. Ta biyu ma haka, na waje kuma daban. A ɗora kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Sarkin kasuwa ya riƙe makullin wurin ajiyar, bayan wata huɗu a buɗe gaban jama'a.

Inda aka fi samun matsala shi ne danshi, domin waken da bai bushe ba yana lalacewa a cikin leda. A sa ɗan wake da busasshen gishiri a kwalba, a girgiza; in gishirin ya manne a jikinta, a mayar da waken shanya. Buɗe buhu a kai a kai don ɗibar na abinci shi ma yana mayar wa ƙwarin iskarsu.

Kada a manta da masu ƙosai da alale. Yawancinsu ba sa zuwa dandali, sai malaman gona mata sun bi su da kyandir da kwalba har tsakar gida da Islamiyya.