Rairayin da ya hana yaro shiga wasa

Wata Talata cikin watan Afrilu na je lakwal kai wa ɗan ƙanwata abin karin da ya manta a gida. Na tarar an fito shan iska. Ƙura ta turnuƙe tsakiyar fili, maza sun rabu gida biyu suna bin ƙwallo, 'yan mata sun raɓe jikin bango suna gaɗa. Shi kuwa namu, ɗan shekara 9 da rashin lafiya ta taɓa wa ƙafafu tun yana goye, yana bakin ƙofar aji bisa kekensa na hannu, ya yi tagumi. Tsakaninsa da gindin bedin da abokansa ke dara bai kai taku 20 ba. Na ce masa, "Me ya hana ka zuwa can?" Ya ce, "Kawu, taya ke nutsewa. In na shiga sai an tura ni, su kuma sun gaji da turi."

Ba wanda ya kore shi. Malamansa suna son sa, abokansa ma haka. Rairayi ne ya raba shi da su, kuma tun ran nan maganar ta ƙi fita raina.

A nan Damagaram, in aka ce za a yi wa yara filin wasa, hankalinmu lilo yake tafiya, da abin zamewa na ƙarfe mai fenti ja da shuɗi, irin wanda muke gani a hoto. A ganina wannan shi ne na ƙarshe a lissafi. Abin da ke yanke hukuncin wane yaro zai shiga, wane zai tsaya kallo, shi ne ƙasar da ake takawa, da inuwa, da ƙofa. In waɗannan ba su daidaita ba, ko an zuba kayan miliyoyin sefa, an yi wa rabin yara ne kawai.

Mu fara da ƙasa. Rairayi abokin yaro ne, yana tausasa faɗuwa, ana kokawa a cikinsa, ana gina gidaje. Ba na cewa a share shi. Amma daga ƙofar makaranta zuwa aji, daga aji zuwa inuwa, zuwa ban ɗaki, zuwa randar ruwa, ya kamata a sami hanya mai tauri wadda aka zuba wa burji aka daɓe, ko aka shimfiɗa wa bulo. Masu aikin gini sun san ma'aunin: keken guragu na buƙatar faɗin da bai gaza santimita 90 ba don ya wuce, da wurin da ya kai mita 1.5 don ya juya. Inda akwai tudu, kowane santimita 10 na tsayi yana son gangaren mita 1.2 aƙalla. Na sha ganin gangaren siminti da aka liƙa wa ƙofar aji da kyakkyawar niyya, amma tsayuwarsa ta sa ko babba mai ƙarfi ba zai hau shi da keke ba. Kuɗin an kashe, yaron kuma yana nan inda yake. Kekunan hannu masu ƙafa uku da masu walda ke ƙera mana sun fi na asibiti tsawo, saboda haka da su ya kamata a gwada hanyar kafin siminti ya bushe.

Hanyar nan za ta amfani makaho ma, in aka yi mata ɗan tudu a gefe wanda sanda za ta bi. Za ta amfani kakar da ta kawo jika, da uwa mai tsohon ciki. Sannan a riƙa tsince tsidau da ƙarangiya da fasassun kwalabe, domin akwai yaran da da hannu da gwiwa suke tafiya, kuma abin da mai takalmi zai taka ya wuce, su a tafin hannu yake shigar musu.

Sai inuwa, wadda a garin nan ba ado ba ce. A Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Ƙarfen da ya wuni cikin wannan rana ba ya taɓuwa, kuma yaron da ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai zai iya ƙonewa bai sani ba. Yaro zabiya kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa, tana ƙona masa fata, tana damun idonsa, kuma ita ke jawo musu ciwon daji na fata in an girma. Filin da ba inuwa ya rufe masa ƙofa tun kafin ya iso. Maganin da muka sani shi ne icce. Bedi yana jure ƙishirwa, yana saurin tashi, ba shi da ƙaya. Tsamiya tana jinkiri, amma inuwarta ta jikoki ce. Aduwa da kurna a bar su bayan katanga saboda ƙaya. Na san abin da za a ce, garin da ake kwana layin famfo, ake sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, da me za a yi ban ruwa? Da ruwan alwala da na wankin hannu, in aka ja ɗan magudani zuwa gindin icce, aka kuma ba kowane aji itatuwansa da zai kula da su. Shekara biyu na farko ne masu wuya.

Abu ɗaya ne ba zan yarda da shi ba, rumfar zana a kan ƙananan yara. Ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021 ba, wadda ta ci yara aƙalla 20 a azuzuwan zana, balle ta Maraɗi a watan Nuwamban 2021, da ta fi ta yawan rayuka.

Wannan ya kawo ni ga hujjar da ta fi kowace nauyi a kan abin da nake faɗa. Wani daraktan makaranta, dattijo da nake girmamawa, ya ce mini, "Malam, aji ma ba mu da shi isasshe, teburi babu, kai kana zancen wasa?" Gaskiya ya faɗa, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin aji da lilo, aji zan ɗauka. Sai dai abin da nake roƙo ba ya cin kuɗin aji. Ranar da aka zo aza harsashi ake yanke inda ƙofa za ta kalla, da tsayin dakali, da inda ban ɗaki zai zauna. Yin daidai a ranar kusan kyauta ne. Gyara bayan an gama shi ne mai tsada. Kuma yaron da ke zama shi kaɗai kullum lokacin shan iska, a hankali makarantar ke fita ransa. Iyayensa su ga ba ya murnar zuwa, wata rana su ce ya zauna gida, daga nan sai bakin titi da ƙoƙon bara.

Alkawari ma mun riga mun ɗauka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, kuma sashe na 31 ya ambaci wasa da hutu a matsayin haƙƙin yaro. A 2008 ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 30 ya ce yara masu naƙasa su sami damar wasa daidai da sauran yara, har a cikin makarantu. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ta shafi kowane gida.

Akwai kuma wata wariya da ba ta da alaƙa da naƙasa. Ku tsaya bakin kowane fili a Birni, ko Zango, ko Garin Malam da la'asar, ku ƙirga 'yan matan da ke tsakiyarsa. Ƙwallon manyan yara maza ya kan cinye wurin gaba ɗaya. Ba laifinsu ba ne, fili ne ba a raba ba. Jerin tsofaffin tayoyi da aka binne rabi, an huda su don kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, ya isa ya ware wa ƙwallo gefensa, ya bar wa gaɗa da langa da carabke nasu. A bar wani lungu mai shiru da ɗan dakali, don yaron da hayaniya ke birkita shi. Kurma yana son wurin da zai ga fuskokin abokansa, saboda haka zama a da'ira ya fi masa zama a jere. Almajirin unguwa ma yaro ne, kada mai gadi ya mayar da shi daga ƙofa don rigarsa ta yage.

Kayan wasan da kansu ba sai an yi odarsu daga waje ba. Garin da dukawansa suka yi suna wajen aikin fata ba zai kasa ɗinka ƙwallo mai ƙararrawa a ciki ba, wadda makaho zai bi da kunne. Kafinta zai iya ɗaga allon dara bisa teburin da keke zai shiga ƙarƙashinsa. Mai walda zai iya yin lilo mai majingina da ɗamara, a rataye shi a gindin icce. Abin da aka ƙera a gari, in ya lalace a gari za a gyara shi. Abin lura kawai, kada a ware wani gefe a ce na naƙasassu ne. Ɗan ƙanwata ba wurin kansa yake nema ba, wurin abokansa yake son zuwa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin magajin gari ya sa hannu kan wani fili, kafin kwamitin kula da makaranta ya kira magini, a zagaya wurin tare da yaran da abin ya shafa, da iyayensu mata, da ƙungiyoyin naƙasassu na gari. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan magana kam, wanda ke kusa da ƙasa ya fi mu ganin ramukanta. A unguwa irin Kara-Kara, wadda tun asali aka tsugunar da masu cutar kuturta a cikinta nesa da jama'a, mutane sun san ɗacin a ajiye ka gefe, kuma ni da a ce ni ke rabon aiki, da can zan fara.

A makarantar ɗan ƙanwata mun kai maganar gaban kwamitin iyaye. An yi karo-karo, an sayo amalanke huɗu na burji, wani uba magini ya ba da yininsa na Asabar kyauta. Hanyar ba ta kai ban ɗaki ba tukuna, sai bayan damina in Allah ya kai mu. Amma ta kai gindin bedi, kuma makon jiya da na leƙa, na same shi a can ana gardama da shi kan wanda ya ci dara.