Mai Jawabin da Ke Karanta Mana Allo

Abin da ya fi ba ni haushi a wurin taro shi ne mai gabatar da jawabi ya juya wa jama'a baya, yana karanta mana rubutun da ya cusa a shafukan PowerPoint kalma bayan kalma, kamar ba mu iya karatu ba. Ido ya fi baki sauri, don haka kafin ya kai layi na uku mun gama shafin, hankalinmu ya koma kan waya. An ba shi minti 15, ya zo da shafi 40, alamar bai taɓa gwada jawabin ba. Da lokaci ya ƙure sai ya shiga tsallake shafuka a guje, har da wanda muka zo dominsa.