Farar ƙasar Figil ba ta siminti kaɗai ba ce

Wani labari ya ce amfanin dutsen farar ƙasa na Figil, wani gari a arewacin Kamaru, bai wuce siminti ba, wannan kuwa rabin zance ne. In aka gasa dutsen har zafi ya kai digiri 900, iskar da ke cikinsa takan fita, nauyinsa ya ragu kusan rabi. Sai a riƙa zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan, don tafasa yake yi, kuma yana ƙona fata da ido. Abin da ya fito shi ake shafe bango da shi, ake gyara ruwan sha da gonar da ta yi tsami. Dutsen nan yana ɗauke da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Wani malam ya ce kanwa ma kalsiyam ce, a'a, kanwar tafkin Cadi sodiyam ce, ba ta gina ƙashi. Babba na buƙatar wajen miligiram 1000 na kalsiyam a rana, kofin madara na ba da kusan 300, sauran a miyar kuka, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya. Me ya sa ba a faɗa wa masu ciki haka?