Ta'aziyyar Chewbacca

Shekaru da dama abokaina suna kirana Malam a duk lokacin da hira ta biyo ta kan finafinan Star Wars, kuma ban taɓa hana su ba, domin a ganina na cancanci sunan. Ni ake bugo wa waya idan gardama ta kaure a kan shekarar da George Lucas ya fitar da fim na farko, in ce 1977 ba tare da na duba ko'ina ba. Ni ne kuma mai tuna wa jama'a, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba, cewa John Williams ne ya tsara kiɗan jerin, kuma a 2012 ne Disney ya sayi kamfanin Lucasfilm a kan kuɗin da suka kai dala biliyan 4. Ilimi ne da bai taɓa ƙara mini komai a aljihu ba, amma ya ba ni kujerar tsakiya a zaman hira, da ikon ɗaga hannu kowa ya yi shiru.

Da watan Disamba na 2019 ya kama, aka sanar da fitowar fim na tara, The Rise of Skywalker, wanda J.J. Abrams ya ba da umarni, wanda kuma aka ce shi zai rufe labarin da aka shafe shekara 42 ana ja. Na ga bai dace mutum mai matsayina ya shiga sinima kamar sauran gama-gari ba, don haka na yanke shawarar sake kallon finafinai takwas da suka gabata a jere, cikin dare biyu, alhali da rana ina zuwa aiki. Duk wanda ya haɗa lissafinsu zai ga sun tasam ma awa 18. Matata ta leƙo falo a dare na biyu, ta dube ni, ta dubi agogo, ta ce, "Maigida, jiki magayi." Na amsa mata da cewa bincike nake yi, kuma mai bincike ba ya ƙirga awoyi.

Mun shiga sinima ni da ita, idona ja wur, zuciyata cike da ɗoki. Tun daga rubutun nan da ke hawa sama a farkon fim aka sanar da mu cewa Sarki Palpatine, babban mugun labarin, ya dawo, abin da ya ɗan daure mini kai, tunda a daren jiya na ga Darth Vader ya ɗauke shi cak ya jefa shi cikin rami mai zurfi a fim ɗin 1983, sannan tashar yaƙin da ramin yake ciki ta tarwatse gaba ɗaya. Na ce a raina ai za a yi bayani a gaba. Labari ya ci gaba da gudu kamar ana korarsa, har jaruman suka sauka a wata duniya ta hamada mai suna Pasaana, suka tsinci wata wuƙa mai rubutu a jikinta, abokan gaba suka kama Chewbacca, dogon abokin jaruman mai gashi buzu-buzu, suka tura shi cikin jirgi. Rey, jarumar fim ɗin, ta miƙa hannu tana jan jirgin da ƙarfin nan da suke kira Force, abokin gabarta Kylo Ren yana ja ta nasa ɓangaren, sai walƙiya ta kuɓuce daga yatsunta, jirgin ya fashe a sararin sama.

Chewbacca, wanda na sani tun ina yaro, ya tafi ke nan. Hawaye suka cika mini ido, kuma da yake ba na son matata ta gani, sai na jingina da kujera na rufe ido na ɗan lokaci domin in girmama mamaci.

Da na buɗe ido, hamada na gani, kamar yadda na bar ta. Ga Rey ita kaɗai a tsugune, tana naɗe takubban haske guda biyu a ƙyalle tana binne su cikin rairayi, kiɗa mai sosa rai yana tashi. Nan take na fahimci cewa jana'izar Chewbacca ake yi, kuma tunda ba a sami gawa ba sai aka binne makamai a madadinta, dabarar da na ga ta burge ni ƙwarai. Wata tsohuwa ta zo wucewa ta tambaye ta sunanta, ita kuma ta haɗa sunanta da na Skywalker, rana biyu suka bayyana a sama, fim ya ƙare. Na duba agogo na ga an ci awa biyu da minti 22, alhali ni ji nake ko awa guda ba a cika ba, sai na juya na shaida wa matata cewa wannan ita ce babbar alamar fim mai kyau. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa, ta ce mu tafi gida. Da ina da wayo da na tsaya na yi nazarin wannan shirun.

Washegari da yamma muka taru mu shida a falon wani abokinmu injiniya, kamar yadda muka saba bayan kowane sabon fim. Sai an san yadda zaman yake kafin a gane girman abin da ya same ni. Tun 2017, da Rian Johnson ya fitar da The Last Jedi, ƙungiyarmu ta rabe biyu. Ɓangare guda, ƙarƙashin wani abokinmu malamin makaranta, yana ganin fim ɗin ya yi jarumta da ya ce iyayen Rey ba kowa ba ne, domin hakan na nufin ba sai ɗan babban gida ne zai zama gwarzo ba. Ɗaya ɓangaren, wanda injiniyan yake jagoranta, bai taɓa yafe yadda aka mai da Luke Skywalker, gwarzon finafinan farko, tsoho mai ƙunci da ya gudu tsibiri ya ɓuya ba. Shekara biyu suna wannan taƙaddama, ni kuma ina tsakiya a matsayin alƙali.

Ƙanina ne ya buɗe fage da batun dawowar Palpatine. Ya ce iyakar bayanin da aka yi shi ne wani matuƙin jirgi ya tsaya gaban jama'a ya shaida musu cewa mutumin ya dawo ta wata hanya, sannan saƙon muryar da fim ɗin ya ce Palpatine ya aika wa duniya ba a cikin fim aka ji shi ba, a cikin wasan bidiyo na Fortnite aka sake shi kwanaki kaɗan kafin fitowar fim. Na gyaɗa kai cikin dattako, na ce wannan ƙorafi ne mai tushe, amma kada ƙaramin aibi ya rufe mana ido. Injiniyan ya karɓe da batun wuƙar. Da yake na ga wuƙar da idona kafin abin da ya faru ya faru, sai na tsoma baki na ce wuƙa ai wuƙa ce, ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Ya miƙe tsaye, ya ɗauki wani littafi ya ɗaga saitin taga, yana nuna mana yadda Rey ta daidaita gefen wuƙar da ɓaraguzan tashar yaƙi ta Death Star har ta gano inda abin da take nema yake. Ya tambaya wane irin maƙeri ne zai ƙera taswira bisa siffar ɓaraguzan da suka shekara talatin igiyar ruwa tana dukansu, kuma ya san daidai dutsen da mai riƙe da wuƙar za ta tsaya a kai. Ban tuna da wani teku ba, amma na ɗauka wani ɗan gajeren wuri ne da ya wuce lokacin da nake share hawaye.

Sai malamin makarantar ya ce shi abin da ya ƙarasa kashe masa jiki shi ne hawan dawakai a kan jirgin yaƙi. Na yi murmushi irin na wanda ya gane zurfin magana, domin na ɗauka salon magana ne yake nufin an haɗa abubuwan da ba sa haɗuwa, har na yaba masa da iya zance. Injiniyan ya ƙara da cewa da matuƙin jirgin ya ɗan karkata shi gefe guda, da dawakan da mahayansu duk sun zube, yaƙi ya ƙare. A nan ne wani ɗan sanyi ya fara ratsa bayana, amma girman kai ya danne shi.

Na ɗaga hannu, aka yi shiru. Na ce duk na ji ƙorafe-ƙorafensu, amma sun manta da abu mafi muhimmanci, wato ƙarfin halin da masu fim suka nuna. Na ce an daɗe ana zargin irin waɗannan finafinai da tsoron taɓa jaruman da jama'a suke ƙauna, ga shi yau an kashe Chewbacca kisa na gaskiya, ba a ja da baya ba, aka kuma rufe labarin gaba ɗaya da jana'izarsa a cikin hamadar da ya rasu. Muryata har rawa take yi. Falon ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka fashe da dariya, injiniyan yana buga cinya yana cewa Malam ya iya gatse. Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini in fita da mutuncina, ni kuma na sa ƙafa na rufe ta. Na ce babu gatse a maganata, sannan na ƙara da cewa ina jiran a ba ni haƙuri, tunda tun 2015 nake faɗa musu Rey ɗiyar Luke ce suna musu, ga shi ta faɗi sunan gidansu da bakinta.

Ƙanina ya ajiye wayarsa a hankali, ya ce, "Yaya, wane fim ka kalla?"

Malamin makarantar, wanda ya kwana yana jimamin yadda aka rushe abin da ya shekara biyu yana karewa, ya tambaye ni cikin ladabi ko ban ji wurin da Kylo Ren ya shaida wa Rey cewa ita jikar Palpatine ce ba. Na ce wace jika. Duk suka juya suka dubi matata, ita kuma ta gyara zama kamar wadda ta daɗe tana jiran a kira shaida. Ta ce tun fashewar jirgin na tafi, mintoci kaɗan bayan haka aka nuna Chewbacca da ransa domin ashe a wani jirgin dabam aka saka shi, ta taɓa ni sau uku in ga abin farin ciki ban motsa ba. Ta ce hamadar da na farka na gani ma ba ita ce ta farko ba, Tatooine ce, mahaifar labarin, wadda ni da kaina na sha yi musu lacca a kan ranarta biyu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ƙarin da ta yi, cewa wani yaro a layin bayanmu ya ji minsharina ya tambayi babansa ko Darth Vader ma ya dawo.

Abin da shekara biyu na alƙalancina suka kasa yi, barcina ya yi shi cikin minti guda, domin ɓangarorin nan biyu sun haɗa kai, suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna ba ni labarin abin da na rasa. Matsalar ita ce na kasa bambance gaskiya da tsokana. Da suka ce an goge ƙwaƙwalwar mutum-mutumin nan C-3PO cikin bankwana mai ban tausayi, sannan ɗan'uwansa mutum-mutumi R2-D2 ya mayar masa da ita daga baya, na ce ƙarya ne, ba za a yi wasa ɗaya sau biyu a fim guda ba. Da suka ce Janar Hux na rundunar abokan gaba ne ɗan leƙen asirin 'yan tawaye, ba don yana son su ba sai don ƙiyayyar Kylo Ren, na ce su ji tsoron Allah. Da suka ce Palpatine ya ɓoye ɗimbin jiragen yaƙi, kowanne yana iya tarwatsa duniya guda, amma ba sa iya tashi daga Exegol, duniyar da ya ɓoye su, sai an nuna musu inda sama take, na ce wannan ƙirƙirar injiniya ce. Na ƙaryata mutuwar Rey da farfaɗowarta, na ƙaryata sumbar da ta biyo baya, na sake ƙaryata dawakan. Abu guda kawai na karɓa hannu bibbiyu, shi ne da ƙanina ya ce an bayyana cewa Jar Jar Binks, wani wawan halitta na finafinan baya, shi ne ya tsamo Palpatine daga ramin ya yi jinyarsa a ɓoye. Na ce to, wannan aƙalla bayani ne. Shi kaɗai ne ƙaryar da aka yi mini a daren.

Bayan kwana uku na koma sinima, na yi barci isasshe tukuna, matata kuma tana gefe da izinin mintsini na duk bayan minti goma. Na ga komai da idona, kuma adalci ya sa in faɗi cewa masu fim ɗin sun yi aiki cikin tsaka mai wuya: Carrie Fisher, wadda take fitowa a matsayin Gimbiya Leia, ta rasu a Disamba 2016, dole aka gina rawar Leia daga ragowar hotunan da aka ɗauka tun fim ɗin 2015, kuma daraktan da aka fara ba aikin, Colin Trevorrow, ya bar shi a 2017. Duk da haka ina zaune ina jin kamar mutum biyu ne suke gina ɗaki ɗaya, wannan ya ɗora bulo wancan ya sauke, na ukun da aka ce ya yi rufi kuma shi ne na farkon ya dawo da fushi. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan guda, ciki har da kuɗin tikitina na sau biyu, ɗaya na kallo ɗaya na makwanci. Da aka zo wurin da aka miƙa wa Chewbacca lambar yabon da aka hana shi tun 1977, hawaye suka sake zuwa, amma a wannan karon na sa yatsu na riƙe fatar idona.

Har yau idan aka taru ina nan a kan bakana cewa wanda na fara kallo, mai ƙasa da awa guda, mai mutuwa ta gaske da jana'iza a cikin rairayi, ya fi wanda kowa ya kalla tsari da ma'ana, sai dai babu mai saurarena, kuma kujerar tsakiya ta koma hannun ƙanina. A makon jiya wayata ta yi ƙara da daddare, na ga sunan injiniyan, na ji hayaniyar gardama a bayansa, na gyara murya ina jiran tambaya. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, don Allah ba Uwargida wayar, wani wuri muke son a tabbatar mana a cikin fim."