Dajin da ke ƙarƙashin teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, ran Laraba tsakanin magariba da isha'i muna karatu a masallacin unguwarmu nan Daura, muka iso aya ta 41 cikin Suratur Rum: "Zaharal fasadu fil barri wal bahri bima kasabat aidin nas." Ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Sai wani dattijo, wanda tun ina yaro nake ganinsa a sahun gaba, ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ta tudu kam mun gan ta da idonmu. Amma teku? Ruwan da ba a hango ƙarshensa, wane hannu ne zai iya ɓata shi?"

Na ce, "Baba, ku yi mini haƙuri zuwa gobe." Abin da na kai masa washegari shi ne nake son in raba da ku.

A gaɓar ƙasashen da ruwan tekunsu ke da sanyi, irin su Alaska da Kalifoniya a Amurka, da Norway, da kudancin Ostareliya, har nan Afirka daga Afirka ta Kudu zuwa Namibiya, akwai daji a ƙarƙashin ruwa. Daji sosai, mai duhuwa da inuwa. Tsiron da ya yi shi Turawa na ce masa kelf, kuma dangin gansakuka ne, irin wadda muke kankarewa a jikin randa. Sai dai wannan, babbansa kan kai tsawon mita 45. Ku ɗora hasumiyar Gobarau ta Katsina sau uku, ɗaya bisa ɗaya, kun yi kusa. In ya samu ruwan da yake so, yakan ƙaru da santimita 60 a yini guda, fiye da kamu ɗaya ke nan. Wane gero ne ya taɓa yin haka, ko a tsakiyar Agusta?

Ba shi da saiwa. Da wani abu mai kama da ƙafar kaza yake damƙe dutse, sannan a gindin kowane ganye Allah Ya sa masa 'yar jaka cike da iska, ita ke ɗaga shi sama ya sha hasken rana. A cikinsa kifaye ke ɓoye 'ya'yansu, ƙaguwa da dodon koɗi ke kiwo, igiyar ruwa ma in ta ratsa shi sai ƙarfinta ya ragu. Subhanallah! Mu nan sai mu yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a mota kafin mu ga teku, amma ga daji can yana tasbihi tun kafin a haƙa rijiyar Kusugu.

Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada. Sinadarin aidin da ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo, a tokar irin wannan ciyawar teku wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya fara gano shi a 1811. Daga kelf kuma ake tatso wani abu mai yauƙi da ke shiga wasu man goge baki da askirim.

To, yanzu ga inda hannun ɗan Adam ya shigo.

A dajin nan akwai wata halitta dunƙulalliya mai ƙaya ko'ina, mu kira ta bushiyar teku. Abincinta kelf. Akwai kuma karen ruwa na teku, shi kuma abincinsa bushiyar. Dabba ce mai ban sha'awa: yakan kwanta rigingine bisa ruwa, ya aza dutse a ƙirjinsa ya riƙa fasa koɗi a kai, in barci ya zo ya nannaɗe jikinsa da ganyen kelf don kada ruwa ya tafi da shi. Ba shi da kitsen da ke kare sauran dabbobin teku daga sanyi, don haka kullum sai ya ci kusan rubu'in nauyin jikinsa. Muddin yana nan, bushiya na laɓe cikin tsagar duwatsu tana cin ganyen da ya faɗo. Ba ta da ƙarfin halin fitowa fili.

Abin da ya ja masa shi ne gashinsa, don babu dabbar da ta kai shi yawan gashi a fata. Daga shekarar 1741, da jiragen Rasha suka isa yankin Alaska, aka buɗe kasuwar fatarsa, ana kaiwa ƙasar Sin ana sayar wa masu hali da tsada. Turawan Ingila da Amurka suka bi sahu. Dabbar da ake ƙiyasin ta kai 150,000 zuwa 300,000, kafin 1911 saura 1,000 zuwa 2,000 a duniya baki ɗaya. A shekarar ne Amurka da Rasha da Japan da Birtaniya suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta taka wa farautar birki.

Maharban nan ba su sare ko ganye ɗaya ba. Amma da mai tsaro ya kau, bushiya ta fito fili, ta hayayyafa, ta bi gindin kelf tana gwaguya har ya tsinke ruwa ya tafi da shi. A farkon shekarun 1970 wani masani, James Estes, ya nutsa a gefen tsibirai biyu na Alaska. A Amchitka, inda karen ruwa ya farfaɗo, daji ne cunkus. A Shemya, inda bai dawo ba, fako ne, tsirarun duwatsu da bushiya birjik. Fako dai irin wanda muka sani a gonar da ta mutu. Abin takaicin, bushiyar kan yi shekaru cikin yunwa ba ta mutu ba, cikinta fayau, duk ɗan tsiron da ya leƙo ta lashe shi.

Ku buɗe Suratur Rahman, aya ta 7 da ta 8: Ya ɗaukaka sama, Ya aza ma'auni, don kada ku ƙetare haddi a ma'auni. Malaman tafsiri sun fassara shi da adalci da kuma sikelin ciniki, haka ne. A Suratul Hijr aya ta 19 kuma Ya ce Ya tsirar a ƙasa daga kowane abu "mauzun", wato aunanne. Ni dai da na karanta labarin karen ruwa, kalmar nan ce ta tsaya mini a rai. Kelf kaza, bushiya kaza, mai cin bushiya kaza. Ka zare ɗaya, sauran su kife a wurin da idonka ba ya kaiwa.

A arewacin Kalifoniya, inda karen ruwa ya daɗe da ƙarewa, wata halitta ce mai siffar tauraro, mai hannuwa har 24, ta riƙe aikin. A 2013 annoba ta faɗa mata, a 2014 ruwan tekun ya yi ɗumin da ba a saba ba. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 90 cikin 100 na dajin ya tafi, har a 2018 hukuma ta rufe kamun wani dodon koɗi mai daraja da garuruwan bakin ruwan ke cin kasuwarsa. A gabashin tsibirin Tasmaniya kuwa, ɗumamar ruwa ta cinye kusan kashi 95 na babban kelf.

Wani zai ce ai farautar teku halal ce. Ƙwarai, Suratul Ma'ida aya ta 96 ta halatta, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Amma Wanda Ya ce ku ci ku sha, a cikin ayar Ya ce kada ku yi almubazzaranci. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu, sai Allah Ya yi masa wahayi: don tururuwa ɗaya ta cije ka, ka halaka al'umma guda cikin al'ummomin da ke tasbihi? Annabi guda aka yi wa wannan tambaya, a kan tururuwa. Ina ga wanda ya ƙarar da al'umma don kwalliyar wuyan riga?

Kafin mu yi ta Allah wadai da Turawa, mu duba gida. Ina ungulu? Wanda ya haura arba'in ya san yadda suke cika mahauta, suna jere kan rimi da katangar kasuwa. Muka raina ta, muka ce ƙazama ce, alhali ƙazantarmu take kwashewa ba ko sisi. Masu tsubbu suka sa wa kanta kuɗi, masu guba suka ƙarasa sauran. Yau mushen jaki sai ya kwana bakwai a bayan gari, karnuka da ƙudaje na biki. Mujiya kuwa jifa muke saboda camfi, sannan mu koka ɓera ya gama da rumbu. A madatsun ruwanmu akwai mai zuba maganin ƙwari don kifi ya taso, akwai mai jan gidan sauron da aka raba don 'ya'yansa, ya kwashe har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai tsawon yatsa ba. Wannan da maharbin Alaska, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ayar Rum ba ta tsaya kan ɓarna ba, ta ƙare da "la'allahum yarji'un", ko sa dawo. Kuma an ga masu dawowa. A 1975 ƙasar New Zealand ta keɓe wani ɗan yanki na teku kusa da garin Leigh, bai fi murabba'in kilomita 5 da 'yan kai ba, ta ce ba kamu ko na kifi ɗaya. Masunta suka yi ta gunaguni. Sannu a hankali manyan kifaye da manyan jatan lande masu cin bushiya suka dawo, bushiya ta ragu, cikin shekara ashirin da ɗoriya fakon ya koma daji. Ba wanda ya dasa komai, hannu kawai aka ɗauke. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, sunansa hima a littattafan fiƙihu. Burtali da makiyaya da gandun dajin da kakanninmu suka bari, muke yankawa muna mayarwa filoti, ai jikokin wannan hukunci ne.

Da na gama zayyana wa Baba duk wannan daren Alhamis, ya daɗe shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Yaro, ka ce attajiran Sin ne ke sa fatar, su ba su taɓa ganin dajin ba?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "To buhun gawayin kiryar da na gani a zaurenka shekaranjiya, kai ka ga dajin da aka ƙona shi?"

Ban kai ga buɗe baki ba ladan ya tada iƙama.