Wa ya ƙara yaɗa hotunan Dubai?

Wani labari da na karanta kan matan da aka kama a Dubai saboda hotunan tsiraici ya ce tsaurin dokar Dubai ne ya jefa su cikin masifa, amma bai faɗi rawar da jaridu suka taka ba. A watan Afrilun 2021 aka kama su bayan an ɗauke su hoto tsirara a barandar wani dogon bene a unguwar Marina, 11 daga cikinsu 'yan Yukiren ne. Dokar ba ɓoyayya ba ce: a wancan lokacin, baɗala a bainar jama'a na iya jawo ɗaurin wata 6 da tarar dirhami 5,000, daga ƙarshe ma korar su aka yi daga ƙasar. Ban goyi bayan abin da suka aikata ba, ko kaɗan. Abin da ke ci min rai shi ne yadda jaridun Ingila suka shafe kwanaki suna buga hotunan da sunayen matan, suna tono rayuwarsu don a yi ta danna shafinsu. Ɗan'uwa da ka yi sharhi a kan labarin cewa matan ne suka jawo wa kansu, na ji ka. To wanda ya ɗauki bidiyon daga benen maƙwabta ya watsa a intanet fa, da editan da ya ci riba da shi, wa ya tuhume su?