Ina kuka bar matan Carnacon?

Na karanta wani rubutu da ya tsallake ƙungiyar Carnacon. Wai a ce tarihin gasar ƙungiyoyin mata ta ƙwallon Gaelic (wasan ƙwallo na gargajiyar Ireland) a lardin Connacht na Ireland ya soma armashi ne da ƙungiyar Kilkerrin-Clonberne ta gundumar Galway? Haba dai! Ba mai musun sun ɗauki kofin ƙasa sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Amma kafin su, matan Carnacon na gundumar Mayo ne ke jan zarensu, kofin ƙasa shida tsakanin 2002 da 2017, tauraruwarsu Cora Staunton na zura ƙwallo kamar ba gobe. Kai mai cewa kuɗi ne ke kawo irin wannan nasara, wane kuɗi? Ba a biyan 'yan wasan nan albashi, garinsu kawai suke bugawa. Don me marubucin ya tsallake Carnacon?